Kai Akuyar Nono Wurin Nuni a Shekarar Wahala: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasar Haɗejiya

An shirya wannan takarda ne domin a amsa wata tambaya da talakawa sukan kawo gaban Hakimai, watau ko ya dace mutum ya kai akuyarsa wurin nunin amfanin gona da dabbobi a shekarar da ruwa ya ci gona. Amsa ita ce ya dace, amma da sharaɗi.

Kowa ya san halin kogin Haɗejiya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sāke. Ruwa ya riƙa gudana har da rani, ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyinsa, shi ya sa in damina ta yi ƙarfi yakan fantsama cikin gonaki. Haka aka gani a 2022 a Auyo, da Kafin Hausa, da Kiri Kasamma, da Guri. A irin wannan shekara gero da wake da gyaɗa sukan nutse, harawa ta tafi tare da su. To, akuya ita ce abin da yakan rage wa ƙaramin gida. Cikinta wata 5 ne kurum, takan haifi tagwaye, kuma ana iya ɗaukarta a kwalekwale a gudu da ita tudu.

Jar akuya, wadda aka sani da ta Sakkwato ko ta Maraɗi, an fi saninta da fata, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can fatake suke bi da ita. Nononta bai cika wuce rabin lita zuwa lita 1 a yini ba. Wannan kaɗan ne a ido, amma ga gidan da yake da yaye biyu ba kuwa saniya, ba ƙaramin abu ba ne. Lalle a tafasa shi kafin a sha, domin ciwon da ke sa dabba ɓari yana kama mutum ta ɗanyen nono.

Abin da ya fi wahala shi ne ciyarwa daga kaka zuwa ranar nuni. Kada a ɗaure akuya a fadamar da ruwa ya janye, ko da ciyawar ta yi kyau. A nan ne katantanwa take, ita ce kuwa take ɗauke da tsutsar hanta. Ga kuma danshi mai ruɓar da kofato. A yanko ciyawa, a shanya, a ba ta a tudu. A haɗa da dusa, da 'ya'yan gawo, da 'yar kanwa, da ruwa mai tsabta safe da yamma. In abinci bai isa awaki biyar ba, gara a sayar da biyu tun suna da nama a ciyar da uku. Mutane ba sa son jin wannan, amma Hakimi ya faɗa musu tun da wuri, kafin farashi ya faɗi.

Sharaɗin da aka ambata shi ne allura. Akwai annobar awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi, da majina, da gyambon baki, da zawo, wadda aka fara ganewa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Ba ta da wurin yaɗuwa kamar inda aka tara dabbobi daga garuruwa dabam dabam, balle waɗanda yunwa ta raunana. Ana yin maganin rigakafinta a Vom. A yi wa akuya allura aƙalla mako 3 kafin nuni, in an komo kuma a ware ta mako 2 ko 3 kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta. Wadda take majina ko zawo kada a bari ta bar ƙauye, ko ta wane ne.

Alƙalan nuni ba ƙiba suke nema ba. Sukan duba haƙora su san shekaru, su duba hantsa ko ta zauna daidai ba ƙari, su duba ƙafafu da gashi, su tambayi haihuwa nawa ta yi. Akuyar da ta fito daga shekarar ambaliya tana shayar da 'ya'ya biyu, ita ce irin da ya kamata a san gidansu, domin a nemi bunsuru daga wurinta.

Saura aikin Malaman Hakimai. A yawancin gidaje akuya ta mace ce, ita ta ciyar da ita da dusar surfenta, amma miji ko ɗa shi yakan ja ta zuwa fili. Saboda haka in za a rubuta, a tambayi mai ita ta ainihi a sa sunanta, da ƙauyenta, da ranar allura, da sa hannun malamin dabbobi. In an ci kyauta, dagaci ya tabbata ta isa hannun wadda aka rubuta. A aiko da jerin sunayen zuwa ofishin Hakimi mako 1 kafin ranar nuni.