Manjan da Ke Tukunyarmu da Rikicin Gonaki a Indonesiya

Ɗalibi, idan an ce maka manja, abin da zai fara zuwa ranka shi ne wake da shinkafa, ko alale, ko miyar taushe. Amma wannan mai bai tsaya a madafin gidanku ba. Yana cikin taliyar leda da biskit da cakulan da sabulu da man shafawa, har ma ana gauraya shi da man dizal a zuba wa mota. Babu man girki da duniya ke sha kamarsa, kuma a kan filin da za a shuka bishiyarsa ne ake ta tafka rigima tsakanin gwamnatoci da kamfanoni da mutanen karkara.

Bishiyar da ta yi ƙaura

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A shekarar 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu kacal a lambun Bogor da ke tsibirin Java. A 1911 aka buɗe gandun farko na kasuwanci a Sumatra, Malesiya kuma ta bi sahu a 1917. Har zuwa farkon shekarun 1960 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen samar da manja. Yau Indonesiya da Malesiya su biyu ke fitar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, Nijeriya kuwa sai ta sayo daga waje kafin ya ishe ta.

Me ya sa ake rububinta? Hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da mai ninkin-ba-ninkin abin da waken suya ko gyaɗa za su bayar. Bishiyar tana fara 'ya'ya bayan kimanin shekara uku, ta kuma ci gaba da haihuwa har wajen shekara 25. Sai dai akwai wani sharaɗi: da zarar an sare nonon kwakwa, dole a kai shi injin matsa cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba man ya lalace. Wannan ne ya sa ƙaramin manomi ba shi da zaɓi sai injin da ke kusa da shi, wanda galibi na babban kamfani ne. Mai injin shi ke yanka farashi.

Lissafin gwamnati

Ga gwamnati, gandun kwakwa kuɗin shiga ne da aikin yi ga miliyoyin mutane. Malesiya ta kafa hukumar FELDA a 1956, ta riƙa ba talakawa marasa gona fili da gida su noma roba, daga baya kwakwa, iyalai da yawa kuma sun fita daga talauci ta wannan hanya. Indonesiya ta ɓullo da nata tsarin da ake kira plasma. Daga 2007 doka ta wajabta wa kamfanin da ya buɗe sabon gandu ya tanadar wa mutanen yankin gonar da ta kai kashi 20 cikin 100 na filinsa. A yau ƙananan manoma ke riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin kwakwa a ƙasar.

Amma alkawari daban, cikawa daban. Wani bincike da BBC ta gudanar tare da wasu kafofin labarai a 2022 ya gano cewa kamfanoni da dama sun karɓe filayen jama'a, shekaru suka shuɗe ba su ba da kason da doka ta ce ba.

Sai kuma batun daji. Hanya mafi arha ta share fili ita ce banka masa wuta. A Sumatra da Borneo akwai dausayin da ruɓaɓɓen ganye da itace suka taru a ƙarƙashinsa tsawon dubban shekaru. Idan aka janye ruwansa ya bushe, wuta kan ci ta ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. A 2015 kimanin hekta miliyan 2.6 suka ƙone. Hayaƙi ya turnuƙe har Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta asarar da kusan dala biliyan 16. Dabbobi irin su birin orangutan suna ta rasa mazauninsu.

Tun 2011 gwamnati ta dakatar da ba da sabon izinin sare tsohon daji da dausayi, ta mai da dakatarwar ta dindindin a 2019. A 2018 Shugaba Joko Widodo ya tsai da ba da sababbin lasisin gandun kwakwa na shekara uku, wa'adin ya ƙare a 2021. A ɗaya ɓangaren kuma gwamnatin tana ƙara yawan manjan da ake zubawa cikin dizal, abin da ke ƙara buƙatar gonaki.

Martanin mutanen karkara

Kada ka ɗauka duk ƙauyawa ne ke adawa da kwakwa. Wasu da ita suka yi rufin kwano, suka sayi babur, suka tura 'ya'yansu jami'a. Kukan mafi yawansu shi ne ba a shawarce su ba. Gonar gado ba ta da takarda, shaidarta kabarin kaka ne ko wata tsohuwar bishiya, ga shi kuma dokar ƙasa ta daɗe tana ɗaukar daji a matsayin mallakar gwamnati.

Wasu kan tare hanyar motocin kamfani. Wasu sun koyi zana taswirar ƙasarsu da na'urar GPS domin su samu hujja. Ƙungiyar 'yan asalin ƙasa mai suna AMAN ta garzaya kotu, a 2013 kuma Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci cewa dajin gargajiya ba na gwamnati ba ne. Duk da haka sai a ƙarshen 2016 aka fara miƙa takardun mallaka, ga al'ummomi tara. A 2024 mutanen ƙabilar Awyu daga yankin Papua suka je gaban Kotun Ƙoli a Jakarta cikin shigar gargajiya, suna neman a soke izinin wani gandu. Matasa suka yayata batun a intanet, amma kafin shekarar ta ƙare kotun ta yi watsi da ƙarar.

A maƙwabciyarmu Kamaru kuwa, kamfanin Herakles Farms na Amurka ya samu yarjejeniyar hekta kusan 73,000 a kudu maso yammacin ƙasar a 2009. Bayan mazauna ƙauyuka da masu kare muhalli sun dage, a 2013 gwamnati ta rage filin zuwa kusan hekta 20,000.

Abin da ya shafe mu

Jihohi irin su Edo da Kuros Riba suna faɗaɗa gandayen kwakwa domin Nijeriya ta daina sayo manja. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, yawancin gonakin gado kuma babu takarda. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga batu ga ƙungiyar muhawara ta makarantarku: idan kamfani ya zo da alkawarin aiki da asibiti da titi, amma yana son gonakin ƙauyenku na shekara 99, wa ya kamata ya ce e ko a'a? Gwamna, ko hakimi, ko masu noma filin? Ku aiko mana da hujjojinku.