Ruwa da Yawan Jama'a a Wurno, Rabah da Goronyo

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Wurno tana da mutane kimanin 162,000, Rabah kuwa 149,000. Adadin ya kusa zama ɗaya, amma faɗin ƙasar Rabah ya ninka na Wurno fiye da sau uku. In aka raba yawan jama'a bisa faɗin ƙasa, kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum 237 a Wurno, 107 a Goronyo, 61 kacal a Rabah.

Ilimin halittu ya koyar da cewa yawan rayukan da wuri zai iya riƙewa ya danganta ga abin da ya fi ƙaranci a wurin. A wannan yanki ruwa ne ke ƙaranci, domin damina ba ta wuce wata huɗu. Gonar tudu tana ba da gero da dawa sau ɗaya a shekara, shi ya sa ƙauyuka suka yi nesa da juna wajen dajin Gundumi. Fadamar gulbin Rima kuwa tana ba da shinkafa, sa'annan albasa da tafarnuwa da rani. A bakinta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta ƙara ƙarfin noman rani. Sai dai cunkoso a bakin gulbi yana da nasa haɗari: ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidajen dubban mutanen da fadamar ta tara.