Baƙon Yerwa: Agogo da Ruwa Su Ne Ke Zaɓa Masa Masauki

Mai niyyar zuwa Maiduguri, watau Yerwa, ya kamata ya fara shiri da lissafin lokacin tashi tun kafin ya yi tunanin ɗakin kwana. Daga Kano tafiyar ta kusa kilomita 600, ta Potiskum da Damaturu, kuma akwai shingayen bincike da ke cin lokaci. Ranar 9 ga Fabrairu, 2020, matafiyan da dare ya riska a Auno, bayan an rufe ƙofar shiga gari, 'yan Boko Haram suka auka musu, aka kashe mutum talatin ko fiye. Saboda haka ya wajaba mutum ya yi sammako, in kuwa la'asar ta same shi a Damaturu, to, ya kwana nan. Wanda aljihunsa ke da nauyi, jirgin sama daga Abuja ya raba shi da wannan lissafi.

Abu na biyu shi ne ruwa. A watan Satumba na 1994 dam ɗin Alau ya yi ambaliya, sa'an nan ya sake fashewa ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya bi kogin Ngadda ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da gidan namun daji, har fadar Mai Martaba Shehun Borno. Don haka in da damina za a je, baƙo ya tambayi mai masauki inda ruwan 2024 ya tsaya a unguwarsu. Wannan tambaya ta fi ta kuɗin ɗaki muhimmanci, a ganinmu.

Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, inuwar dogon yaro da ta lulluɓe titunan garin ba ta hana gumi da dare. A tabbatar akwai janareta ko sola, a kuma ji ƙarfe nawa ake kashewa.

Ɗan kasuwa mai neman bandar kifi ya sauka kusa da hanyar Baga. Mai son ganin hawan Salla ya nemi kusa da Dandal, gaban fadar da Shehu ya zauna cikinta bayan barin Kukawa a 1907, amma ya kama ɗaki da wuri. An hana acaɓa tun 2011, sai keke Napep. Tsaraba kuwa, turaren wuta da humra da hular zanna, a bar wa ɗan gari cinikin.