Zaɓen Manhajar Haɗa Bidiyon Koyarwa

Malamin da ke son koyarwa ta hanyar bidiyo, lalle ne ya auna ƙarfin kwamfutarsa da na aljihunsa kafin ya zaɓi manhaja. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mai da sababbin Premiere Pro, ta yanka hotuna, da After Effects, ta motsa rubutu da zane, na haya, wato biya wata-wata ko shekara-shekara. DaVinci Resolve kuwa akwai ta kyauta, tana yin ayyukan nan biyu, amma takan wahalar da ƙaramar kwamfuta. Mai ƙaramin ƙarfi Shotcut ta ishe shi, mai waya kuma CapCut.

Sa'an nan a kula da murya. Ɗalibi yakan jure dishi-dishin hoto, amma in bai ji bayani ba, an yi aikin banza.