Sababbin Dokokin Haraji: Wa Aka Yafe Wa, Wa Kuma Zai Biya

Tun daga ranar 1 ga watan Janairu, 2026, 'yan kasuwa da masu masana'antu a ƙasar nan suka shiga ƙarƙashin sabon tsarin haraji, wanda ya samo asali daga dokoki huɗu da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga watan Yuni, 2025. Ɗaya ta tattara manyan dokokin harajin tarayya wuri guda, ta biyu ta shimfiɗa yadda za a riƙa karɓa, ta uku ta kafa sabuwar Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Nijeriya a madadin tsohuwar hukumar FIRS, ta huɗu kuma ta kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 2023 a ƙarƙashin Mista Taiwo Oyedele shi ne ya tsara su.

Ba a kai ga sa hannun nan cikin ruwan sanyi ba. Da aka miƙa ƙudurorin ga Majalisar Tarayya a watan Oktoba, 2024, gwamnonin jihohin Arewa sun taru a Kaduna suka ƙi amincewa da yadda aka so a riƙa raba harajin VAT, don suna ganin zai fifita jihohin da hedkwatocin manyan kamfanoni suke. Ba abin mamaki ba ne kuwa, domin kalmar haraji tana da tarihi a Arewa: har yanzu dattawa ba su manta da 1979 ba, lokacin da gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Daga baya an daidaita. Kason Gwamnatin Tarayya na VAT ya ragu daga kashi 15 cikin 100 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi kuma ya tsaya a 35. A tsakanin jihohi, ana raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan. Amma wannan rigima ce ta masu rabo. Abin da ya fi damun ɗan kasuwa shi ne nawa zai fita daga aljihunsa.

Babban abin da aka fi yayatawa shi ne an yafe wa ƙananan kamfanoni haraji. Kamar yadda kwamitin ya bayyana, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 100 ba, kuma kadarorinsa na dindindin, irin su gine-gine da injuna da motoci, ba su wuce Naira miliyan 250 ba, ba zai biya harajin riba ba, ba zai biya harajin ribar sayar da kadara ba, ba zai kuma biya sabon kuɗin raya ƙasa ba. An ware masu aikin ƙwararru, irin su lauyoyi da akantoci, daga wannan rangwame. A da, iyakar yafewar Naira miliyan 25 ce, kuma kamfanin da cinikinsa ya faɗo tsakanin miliyan 25 zuwa 100 yakan biya kashi 20 cikin 100 na ribarsa, ban da kashi 3 na harajin ilimi. Ke nan kamfanin da ya ci ribar Naira miliyan 6 a wancan rukuni, wanda a da zai biya Naira miliyan 1 da dubu 380, yanzu ba zai biya ko kwabo ba. Wannan sauƙi ne na haƙiƙa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su, waɗanda ba a cika faɗa ba. Na farko, ma'aunin ciniki ne, ba riba ba. Naira miliyan 100 a shekara tana kama da kuɗi mai yawa, amma idan aka raba ta da kwanakin shekara, ba ta kai Naira dubu 275 a rana ba. A misali, dillalin hatsi da ke sayar da buhu kan Naira dubu 50 zai kai wannan iyaka da buhu 2,000 kawai, abin da manyan fataken kasuwar Dawanau za su iya fitarwa cikin 'yan makonni, alhali ribar da ke kan kowane buhu ba ta taka kara ta karya ba. Haka abin yake ga masu sayar da atamfa a sari a Kantin Kwari da masu kayan masarufi a kasuwar Singa: jujjuyawa da yawa, riba kaɗan. Da zarar ciniki ya ƙetare iyakar, kamfani ya faɗa rukunin masu biyan kashi 30 cikin 100, da ƙarin kashi 4 na raya ƙasa, kuma babu matsakaicin rukuni kamar da. Kamfanoni biyu masu ribar Naira miliyan 6 kowanne, ɗaya da cinikin miliyan 99, ɗaya da miliyan 101, na farko ba ya biyan komai, na biyu kuwa zai biya kimanin Naira miliyan 2 da dubu 40. Gangare mai tsayi irin wannan yakan jawo mutane su ɓoye ciniki ko su raba kamfani biyu, kuma wannan rauni ne a tsarin da masu doka za su buƙaci sake dubawa.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci ga yawancin masu karanta wannan shafi. Yafewar ta kamfanoni ce, wato waɗanda aka yi wa rajista a matsayin kamfani mai zaman kansa, dabam da mai shi. Alhajin da ke kasuwanci da sunansa, ko wanda ya yi rajistar sunan shago kawai, doka tana kallon ribarsa a matsayin kuɗin shigarsa na ƙashin kansa, kuma hukumar harajin jiharsa ce za ta neme shi. A sabon jadawalin, Naira dubu 800 na farko a shekara ba su da haraji. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ci ribar Naira miliyan 6 da sunansa zai biya Naira dubu 870 kafin a cire masa rangwamen da ya cancanta, kamar na kuɗin hayar gida, wanda aka ƙayyade kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma kada ya wuce Naira dubu 500. Maƙwabcinsa mai ƙaramin kamfani, mai riba iri ɗaya, ba a bin kamfaninsa komai, ko da yake albashin da ya yanka wa kansa da rabon ribar da ya kwasa suna da nasu harajin. Wannan bambanci ya isa ya sa duk mai shago ya zauna da akanta ya yi lissafi kafin ƙarshen shekara.

Yafewa kuma ba ta ɗauke wajibcin rajista da kai bayanin shekara ba. Dole ne kowane mai sana'a ya mallaki lambar shaidar haraji, kuma ƙaramin kamfani ma sai ya gabatar da lissafinsa, domin da shi ne zai nuna cewa ƙarami ne. Wanda ya ƙi yin rajista, tararsa Naira dubu 50 ce a watan farko, da dubu 25 a kowane wata bayan haka. Wanda ya ƙi kai bayani kuwa, dubu 100 a watan farko, da dubu 50 a kowane wata. Kamfanin da ya ba da kwangila ga wanda ba shi da rajista yana fuskantar tarar Naira miliyan 5, ma'ana manyan masana'antun da ke sayen riɗi ko waken soya ko fata za su fara tambayar mai kawo musu kaya lambarsa kafin su tambaye shi farashi. Inda babu littafin ciniki, doka ta ba jami'in haraji ikon yin ƙiyasi, kuma wanda ba shi da rubutu ba shi da abin da zai yi musu da shi. A kasuwannin da aka saba ƙulla cinikin miliyoyi da amana da fatar baki, nan ne sauyin zai fi yin ciwo.

Game da VAT, wanda aka fara karɓa a 1994 kan kashi 5 cikin 100 aka kuma ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020, Majalisa ta ƙi amincewa da shawarar a ƙara shi mataki-mataki har zuwa kashi 15, don haka ya tsaya yadda yake. Kayan abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafan karatu, an sa su a rukunin sifiri. Sauyin da zai fi amfanar masu masana'antu shi ne yanzu suna iya cire VAT ɗin da suka biya kan injuna da ayyukan hidima daga wanda suka karɓa a hannun masu saye, alhali a da rangwamen ya tsaya kan kayan sarrafawa da kayan sayarwa. Mai kamfanin robobi a Sharaɗa ko mai matsar man gyaɗa a Bompai da ke shirin sabunta injuna zai ga bambanci a kuɗin da ke hannunsa. A nan ma sai da takardar shaidar saye ingantacciya, kuma hukumar ta riga ta fara shigar da manyan kamfanoni cikin tsarin ba da rasit ta kwamfuta.

Ga manyan kamfanoni, labarin ya haɗa zaƙi da ɗaci. Kuɗin raya ƙasa na kashi 4 ya maye gurbin harajin ilimi da sauran ƙananan kuɗaɗen da ake biya wa hukumomin fasaha da asusun 'yan sanda, wanda ya rage yawan takardu. Amma harajin ribar sayar da kadara ya tashi daga kashi 10 zuwa 30 ga kamfanoni, don haka mai niyyar sayar da tsohon sito ko filin masana'anta sai ya sake lissafi. Kamfanoni mafiya girma da rassan manyan kamfanonin ƙetare kuma an gindaya musu cewa jimlar harajinsu ba za ta gaza kashi 15 cikin 100 na riba ba.

An shiga sabon tsarin ne da wata ƙura. A watan Disamba, 2025, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Sakkwato, Alhaji Abdussamad Dasuki, ya yi ƙorafi a zauren majalisa cewa dokokin da aka buga a jaridar gwamnati sun saɓa da waɗanda majalisa ta zartar. Shugabannin majalisa sun ba da umarnin a sake bugawa, Shugaban Ƙasa kuma ya ce ranar fara aiki ba za ta canza ba. Saboda haka duk wanda zai yanke shawarar kuɗi bisa wani sashe na dokar, gara ya tabbatar akantansa yana riƙe da kwafin da majalisa ta tantance.

Abin da dokokin ba su warware da kansu ba shi ne wanda fatake suka fi kuka da shi, wato tarin kuɗaɗen da ake karɓa a kan hanya da cikin kasuwa da sunan jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi. Direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Legas ba harajin riba ne ke cinye shi ba, shingaye ne. An ɗora wa sabuwar hukumar haɗin gwiwa aikin daidaita waɗannan kuɗaɗe, an kuma kafa ofishin sauraren koke-koken masu biyan haraji, inda ɗan kasuwa zai iya kai ƙarar jami'in da ya zalunce shi ba tare da ya fara zuwa kotu ba. Amma soke kuɗin kasuwa ko na kan hanya yana hannun majalisun dokoki na jihohi, kuma can ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kai buƙatunsu a rubuce.