Darasin Turanci a Gombe: jadawali a gaba, ɗalibi a baya

A makarantun gwamnati na Gombe, daga Jekadafari har Pantami, abin da ake fara tambayar malamin Turanci shi ne ko ya kai inda jadawalin zango ya ce ya kai. Ko yara sun gane, wannan sai daga baya.

Manhajar daga Abuja take fitowa. Hukumar NERDC ke tsara ta don ƙasa baki ɗaya, sannan a yanka ta mako-mako. Masu kare wannan tsari suna da hujja: WAEC da NECO ba su san uzurin kowa ba, wanda bai samu kiredit a Turanci ba kuma ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Malamin da hannunsa bai faɗa ba ma, jadawalin ne ke hana shi yawo da aji.

Sai dai manhajar ta ɗauka cewa yaron da ya shiga ƙaramar sakandare ya iya karatu. A nan kuwa, yaro kan tashi da Fulatanci ko Bolanci ko harshen Tera ko Tangale a gida, ya tsinci Hausa a unguwa, Turanci ya zo na uku. Makon rubuta wasiƙa ya zo, malama ta cika allo, yara su kwafe tsaf har da waƙafi, alhali da dama cikinsu ba za su iya karanta layin farko ba. In ta koma kan haruffa, ta makara a idon mai duba makarantu, wanda littafin shirin darasi yake buɗewa. In ta wuce, ta bar su a baya. Daga nan hadda ke samun gindin zama, satar amsa ta biyo ta.

Ga kuma rawar da manufar harshe ke yi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke hakan. Malamin da ya warware wata ƙa'ida da Hausa don yara su fahimta, yanzu yana yi ne a ɗarare.

Tun 2019 jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. A ganina, ya kamata ta shafi wannan ma: a bar abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen shekara yadda yake, a ba malami makonnin farko ya gwada karatun ajinsa ya fara daga inda suke, mai dubawa kuma ya riƙa tayar da yaro ya karanta masa sakin layi ɗaya kafin ya sa hannu.