Bahasi a Kan Abin da Ake Faɗa Game da Tayar da Mota a Sanyin Asuba

Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da direba kan idar da sallar Asuba ya murɗa makulli mota ta yi tari ta ƙi tashi, sai maganganu su yawaita a gareji da tasha, musamman a kan motocin da aka taɓa injinsu, wato waɗanda aka canja wa kafireta, ko aka sauya musu kamshaf, ko aka mai da su masu shan gas. Kuma tun da yake wasu maganganun sahihai ne, wasu ba su da asali, wasu kuwa gaskiya ce aka cuɗa da ƙarya, ya wajaba a zauna a tankaɗe a rairaye.

Masu cewa inji mai sanyi yana bukatar mai fiye da ƙima, hakika sun faɗi gaskiya. Dalili kuwa shi ne fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska, kuma ma'aunin da masana suka tabbatar na cikakkiyar ƙonewa shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. To, in inji ya kwana cikin sanyi, wani sashe na man yakan liƙe a bangon bututu yana ruwa, abin da ke isa wurin filogi bai kai na kamawa ba. Saboda haka aka yi cok, wanda aikinsa rage iska ne domin mai ya rinjaya, a motar injekta kuwa kwamfuta ce ke ƙara man da kanta bisa abin da sensar zafin ruwa ta gaya mata.

Inda aka kauce hanya shi ne wurin mai da wannan larura ta 'yan mintoci hukunci na dindindin. Sau da yawa bakanike, da nufin alheri, yakan sa sukudireba ya buɗe kusar silo ta kafireta da sassafe inji yana sanyi, mota ta tashi, mai ita ya biya yana godiya, alhali an sallame shi da illar da ba zai gani ba sai bayan makonni. Ƙarin man nan rangwame ne irin na kasaru, wadda matafiyi ke yi a hanya, in ya iso gida ya cika sallarsa. Wanda ya bar shi har bayan inji ya yi zafi, zai kwance filogi ya tarar bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, hayaƙin salansa yana sa ido hawaye, in ya zaro sandar awon baƙin mai ya sansana ya ji warin fetur, domin rarar man tana wanke maiƙon bangon silinda ta gangara ƙasa. Ka'ida ita ce ba a saita kusar nan sai inji ya yi zafi sosai. Kuma hukuncinta a kan silo kaɗai yake, ba ta ƙara wa mota ƙarfi a kan hanya ko da ƙwayar zarra, duk abin da 'yan tasha za su ce.

Mafi yaɗuwar ƙarya, a ganina, ita ce cewa tamostat kayan ƙasashen ƙanƙara ne, a cire shi a jefar. Wannan ɗan ƙarfen yana tsare ruwa ne daga zuwa lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, galibi tsakanin digiri 80 da 90, kuma zafin ranar Sakkwato ma bai kai rabin hanyar abin da inji ke nema ba sai da kyar. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai a zaton har yanzu asuba ce. Abin ya fi tsanani ga motocin da aka sa wa gas, waɗanda suka yawaita bayan cire tallafin fetur a 2023, domin akasarinsu da fetur suke tashi, ba sa komawa gas sai ruwan inji ya ɗumama na'urar rage matsin gas ɗin. Mai motar da ba tamostat sai ya yi ta ƙona fetur ɗin da ya guje wa, yana zargin wanda ya yi masa aikin.

Batun tattaka totur kafin tayarwa kuwa, gaskiya ce da zamaninta ya shuɗe. A Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, taka totur yana fesa ɗan mai a maƙogwaron kafireta. A motar injekta babu abin da yake fesawa, hasali ma da yawansu in aka danne shi ƙasa ana tayarwa sai su yanke man, dabarar da aka tanada don injin da mai ya shaƙe. Haka nan barin mota tana silo rabin sa'a, ko narka mata wuta tana sanyi, ba su da hujja. Minti ɗaya ko biyu, sannan tafiya a hankali, ya wadatar.

Saura maganar cewa injin da aka taɓa dole ya riƙa rawa a silo. In kamshaf aka sauya da mai daɗewar buɗe bawul, akwai ƙamshin gaskiya, domin zuƙar iska takan raunana, maganinsa kuwa a ɗaga silo sama da juyi 700 zuwa 900 na al'ada a minti, a gyara lokacin tartsatsi. Amma mafi yawan rawar da ake gani, tsagaggen tiyo ne ko gasket ke shigar da iskar da ba a auna ba, sai a rufe ɓarakar da ƙarin mai maimakon a nemo ta. Motar kafireta da aka saita a Legas kuma, in ta hau Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska takan yi mata ƙaranci mai ya rinjaya, don haka a can ragewa ake yi, ko da sanyin garin yana sa a zaci akasin haka.